Tan Nawa Ne Jirgin? Yadda Ake Mayar da Awon Tsofaffin Jiragen Binuwai Zuwa Mita da Lita

Babu jirgin ruwan da ya taɓa tsayawa a Garaku, amma duk wanda ya zauna rubuta tarihin cinikin ƙasar Keffi da Kokona, ko ya so ko ya ƙi sai ya gangara Loko. Wannan tasha da ke bakin Kogin Binuwai, kudu da garin Nasarawa, ita ce ƙofar da yankin nan ya riƙa haɗuwa da jiragen Turawa. A Loko kamfanonin Ingila da na Faransa suka yi takarar sayen hauren giwa a farkon shekarun 1880. Daga nan Bajamushe Paul Staudinger ya taso a 1885, ya biyo ta Keffi ya nufi Zariya da Kano da Sakkwato. Haka kuma kafin layin dogo ya isa Filato a 1914, an yi shekaru ana ɗauko kuza a ka har Loko, a zuba a jirgi a gangara da ita Lakwaja.

To ɗalibin tarihi a Jami'ar Jihar Nasarawa da ke Keffi, ko malamin sakandare a Garaku da ke son nuna wa yara girman waɗannan jirage, zai buɗe tsohon littafi ko wani fayil na ma'adanar takardun tarihi ta Kaduna, ya ga an rubuta cewa jirgi kaza tan 260 ne. Hannu ya kan yi sauri zuwa kalkuleta, a rubuta kilo 260,000 a wuce. Sau da yawa wannan kuskure ne, domin tan ɗin da ake auna jirgi da shi galibi ba nauyi yake nufi ba. Wani lokaci faɗin cikin jirgi ne, wani lokaci nauyi, wani lokaci kuma wata lamba ce kawai da maƙera suka fitar don biyan haraji. Mutumin Garaku ya san cewa idan aka ce masa mudu goma, sai ya tambaya mudun wace kasuwa, kuma a shafe ne ko da tozo. Haka tan yake a harkar jirgi. Lissafin kansa ba shi da wuya. Gano irin tan ɗin shi ne aikin.

Kayan aiki

Lambobi kaɗan ne za ka riƙe. Ƙafa ɗaya ta Ingila mita 0.3048 ce, kuma inci 12 ne ke cikinta. Ƙafa kubik, wato akwati mai tsawon ƙafa ɗaya da faɗin ƙafa ɗaya da zurfin ƙafa ɗaya, tana cin lita 28.32. Mita kubik ɗaya lita 1,000 ce, daidai da ƙafa kubik 35.3. Saboda haka idan kana da ƙafa kubik, ka ninka da 0.02832 ka sami mita kubik. Idan lita kake so ka ƙara ninkawa da 1,000.

Wurare biyu ake yawan tuntuɓe tun ba a je ko'ina ba. Na farko, a ninka ƙafa kubik da 0.3048. Wannan lamba ta tsawo ce kaɗai. Akwati kuwa yana da tsawo da faɗi da zurfi, sai an ninka ta sau uku kafin a kai ga 0.02832. Na biyu, a ga ƙafa 6 da inci 6 a danna 6.6 a kalkuleta. Inci 6 rabin ƙafa ne, saboda haka 6.5 za ka danna. Kullum ka raba incin da 12 tukuna.

Dubi shekara kafin ka dubi lamba

Asalin awon daga gangar giya ne. A Ingila ta da, ana kiran babbar gangar da ake ɗauko giya daga Faransa da suna mai kama da tan, tana cin tsohon galan 252, kusan lita 954, kuma nauyinta cike ya kusa laba 2,240. Girman jirgi shi ne yawan gangunan da zai iya ɗauka. Tun daga nan nauyi da faɗin wuri suka cakuɗe cikin kalma ɗaya, kuma ba su rabu ba har yau.

Da tafiya ta yi nisa aka daina ƙirga ganguna, aka koma wata dabara da ake kira awon maƙera, wadda dokar Birtaniya ta 1773 ta tabbatar. A takarda za ka gan ta da haruffan B.M. ko O.M., ko kuma a ce jirgi tan kaza “burthen”. Gwamnati ta sauya ta daga 1836, amma masu ƙera jirage da masu rubuta labarin tafiya sun ci gaba da amfani da ita shekaru da yawa bayan haka. Jiragen farko da suka shigo Neja da Binuwai da wannan awo aka bayyana su, shi ya sa ya kamata a tsaya a kansa sosai.

Ga yadda ake fitar da shi, duka da ƙafa. Ka ɗauki tsawon jirgi, ka cire kashi uku cikin biyar na faɗinsa. Abin da ya rage ka ninka da faɗin, ka sake ninkawa da rabin faɗin, sannan ka raba da 94.

Mu gwada da Alburkah, ƙaramin jirgin ƙarfe mai injin tururi da Macgregor Laird da Richard Lander suka zo da shi Neja a 1832, wanda kuma ya shiga Binuwai a 1833. Tsawonsa ƙafa 70, faɗinsa kusan ƙafa 13, ana ce masa tan 55. Kashi uku cikin biyar na 13 shi ne 7.8, a cire daga 70 saura 62.2. A ninka da 13, a ninka da 6.5, ya zama 5,256. A raba da 94, an sami 55 da ɗoriya. Ya hau daidai.

Sai Pleiad, jirgin da John Laird ya ƙera a Birkenhead, wanda Dakta William Baikie ya jagoranta a 1854 ya haura Binuwai nesa da inda wani jirgin Turawa ya taɓa kaiwa, da Samuel Ajayi Crowther a cikin ayarin. Tafiyar ta yi suna ne domin sun riƙa shan kwinin a kai a kai, suka koma ba tare da zazzaɓi ya kashe Bature ko ɗaya ba. An ba da tsawonsa ƙafa 100, faɗi 24, tan 260. A cire 14.4 daga 100 saura 85.6, a ninka da 24, a ninka da 12, ya ba da 24,653, a raba da 94, an sami 262. Wannan ma ya hau.

Wannan gwaji shi ne babban makaminka. Duk sanda takarda ta ba ka tsawo da faɗi da tan, amma ba ta faɗi irin tan ɗin ba, ka yi wannan lissafi. Idan amsar ta zo kusa da abin da aka rubuta, awon maƙera ne.

To a nan gizo ke saƙar. Ka lura cewa ba mu auna zurfin jirgin ba ko kaɗan. Dabarar ta ɗauka kawai cewa zurfin kowane jirgi rabin faɗinsa ne. Masu jiragen teku sun gane haka, suka riƙa ƙera jirage masu zurfi da matsattsen ciki don su ɗauki kaya da yawa su biya kuɗin tasha kaɗan, abin da ya sa wasu jiragen ba su da daidaito a ruwa. Jiragen kogi kuwa akasin haka ya same su. Binuwai kogi ne mai yashi, manyan jirage ba su iya bin sa sai ruwa ya cika a tsakiyar damina zuwa farkon kaka, don haka dole jirginsa ya zama mai faɗi marar zurfi. A ce ga wani kwale-kwalen ƙarfe na dakon kaya mai tsawon ƙafa 100 da faɗin 24, amma zurfinsa ƙafa 5 kacal. Awon maƙera zai ba shi tan 262, daidai da Pleiad. Alhali ko da cikakken akwati ne marar tsinin gaba da baya, 100 sau 24 sau 5 ƙafa kubik 12,000 ne, wato mita kubik 340. Wanda ya ninka 262 da 2.83, kamar yadda ake yi wa wani irin tan da za mu zo kansa, zai rubuta mita kubik 742, ya ninka gaskiya fiye da biyu.

Hukuncina a nan shi ne kada a mayar da tan na awon maƙera zuwa mita kubik kai tsaye. Babu wata lamba guda da za ta yi wannan aiki bisa gaskiya. Abin da za ka yi shi ne ka koma ga jikin jirgin: ka nemi tsawo da faɗi da zurfi, ka fitar da akwatin, sannan ka rage saboda jirgi yana tsukewa gaba da baya da ƙasa. Zurfin Alburkah ƙafa 6 da rabi ne, saboda haka akwatinsa ƙafa kubik 5,915, kusan mita kubik 167. Idan ka ƙiyasta cewa jikin jirgin ya cika kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na akwatin, cikinsa zai kama tsakanin mita kubik 100 da 117, kuma a ciki har da wurin inji da tukunyar tururi da itacen wuta da makwancin ma'aikata. Kason da ka zaɓa ƙiyasinka ne, ka faɗi haka a rubutunka. Jirgi mai siririn jiki ka rage kason, kwale-kwalen kaya mai shimfiɗaɗɗen ƙasa ka ƙara shi zuwa 80 ko fiye.

Tan na rajista, wanda ya fi sauƙi

A 1854, shekarar da Pleiad ke cikin Binuwai, Birtaniya ta yi sabuwar dokar jiragen kasuwanci bisa tsarin da George Moorsom ya shirya. Yanzu mai awo zai shiga cikin jirgi da gaske, ya yanka tsawonsa kashi-kashi, ya auna faɗi da zurfi a kowane kashi, ya haɗa ya fitar da faɗin wurin da ke rufe. Kowace ƙafa kubik 100 ita ce tan ɗaya na rajista. An zaɓi 100 ne domin da aka raba faɗin cikin jiragen Birtaniya gaba ɗaya da tan ɗinsu na da, an sami 98 da ɗoriya, sai aka cika shi don kada lambobin jirage su yi tsalle da yawa.

Wannan shi ne kaɗai tan ɗin da ake ninkawa hankali kwance: tan ɗaya mita kubik 2.83, ko lita 2,832. Jirgi mai tan 260 na rajista cikinsa mita kubik 736 ne. Jiragen Kamfanin Neja, wanda ya riƙe izinin sarautar Ingila daga 1886 zuwa ƙarshen 1899, da jiragen gwamnatin mulkin mallaka da na 'yan kasuwar da suka biyo baya, a zamanin wannan awo suka yi aiki.

Sai dai shi ma iri biyu ne. G.R.T. shi ne duk wurin da ke rufe a jirgi. N.R.T. shi ne abin da ya rage bayan an cire ɗakin inji da wurin makamashi da makwancin ma'aikata, wato wurin da ke kawo kuɗi, kuma a kansa ake yanka kuɗin tasha. A ƙaramin jirgin tururi bambancin na iya zama babba ƙwarai, domin injin ya cinye wuri. Idan tambayarka girman jirgi ce, ɗauki na farko. Idan wurin kaya da fasinja kake nema, na biyu ya fi kusa, ko da yake ƙa'idar rage ɗakin inji ta kan ba da rangwame fiye da ainihin girman ɗakin, don haka kada ka rantse a kansa.

Idan nauyi ake nufi

Akwai wuraren da tan nauyi ne tsantsa. A takardun Ingilishi na zamanin mulkin mallaka, laba 2,240 ne, wato kilo 1,016. Na Amurka laba 2,000 ne, kilo 907. Wanda muke amfani da shi tun da Najeriya ta koma awon mita a shekarun 1970 kilo 1,000 ne cif.

Jiragen yaƙi kuwa, tun bayan da aka bar awon maƙera, da nauyinsu ake bayyana su, kuma nauyin jirgi daidai yake da nauyin ruwan da ya ture. Wannan ana iya mayar da shi mita kubik, amma abin da za ka samu girman ɓangaren jirgin da ke nutse ne, ba wurin kaya ba. A ruwan kogi kilo 1,000 mita kubik ɗaya ne, don haka tan 260 zai ture mita kubik 264. Ruwan teku ya fi nauyi saboda gishiri, kilo 1,025 a mita kubik, sai amsar ta sauko 258. Shi ya sa jirgin da ya baro teku ya shigo Neja yake ƙara nutsewa kaɗan ba tare da an ƙara masa ko buhu ɗaya ba.

D.W.T. kuma shi ne nauyin da jirgi zai iya ɗauka kafin ya kai layin da aka haramta wucewa, kuma a ciki har da gawayi ko itace da ruwan sha da mutane. Ba a mayar da shi lita sai an san wane kaya ne.

Kayan da ke cikin jirgin

Wannan ne ya fi shafar mai rubuta tarihin noma da kasuwa. Kamfanonin jirage suna da tan na kuɗin dako, ƙafa kubik 40, wato mita kubik 1.13. Ƙa'idar ita ce a duba kaya: idan tan ɗaya na nauyinsa ya cinye wuri fiye da ƙafa kubik 40, a caje shi da wuri, idan bai kai ba, a caje shi da nauyi. Kamfani ya kan zaɓi wanda ya fi kawo masa kuɗi. Kuza tana da nauyi ƙwarai, tan ɗinta bai cika ko rabin mita kubik ba, don haka da nauyi ake lissafa ta. Auduga da fata da yadi kuwa wuri suke ci. Idan ka ga tan 260 na irin wannan kaya a takardar dako, mai yiwuwa mita kubik 295 ake nufi, nauyin kuma bai kai tan 260 ba.

Don mayar da nauyin amfanin gona zuwa wurin da zai ci, ba ka bukatar littafi. Ka sami bokiti ko jarkar da ka tabbatar tana cin lita 20, ka cika ta da riɗi ko gyaɗa ko dawa, ka shafe bakin, ka ɗora a sikeli, ka cire nauyin bokitin. A ce riɗin ya ba ka kilo 12. Mita kubik ɗaya bokiti 50 ne, saboda haka kilo 600. Ka raba 1,016 da 600, tan ɗaya na riɗi zai ci kusan mita kubik 1.7, ka ɗan ƙara saboda buhuna ba su kwanciya ba tare da barin rata ba. Malamin lissafi zai iya yin wannan da 'yan ajinsa a rana ɗaya, da riɗin da aka sayo a kasuwar Garaku.

A gefe, akwai wani lissafi da nake ganin ya fi mita kubik faɗa wa ɗalibi gaskiyar wancan zamani. Kayan ɗan dako ɗaya kimanin laba 60 ne. A raba 2,240 da 60, kowane tan ɗaya na kuza da ya isa Loko ya ci wuyan mutum 37 ko 38, kwana da kwanaki a ƙafa.

Galan ma sai an kula. Na Birtaniya tun daga dokar 1824 lita 4.546 ne, shi ne kuma na takardun mulkin mallaka a Najeriya. Na Amurka, wanda ake gani a jikin wasu kayan man fetur da kananzir, lita 3.785 ne. Ganga kuwa ba ta da girma ɗaya, ta manja daban, ta giya daban. Sai takardar ta faɗi galan nawa take ci kafin ka taɓa ta.

Takardun Faransawa da jiragen yau

Mai karanta Faransanci da ya bi sawun kamfanonin Faransa a Binuwai kafin George Goldie, jagoran Kamfanin Neja, ya saye su a 1884 zai haɗu da tan iri biyu. Na dako, wanda ya samo asali daga dokar teku ta 1681, mita kubik 1.44 ne. Na rajistar jirgi kuwa, tun da Faransa ta karɓi tsarin Moorsom a farkon shekarun 1870, 2.83 ne kamar na Ingila.

Idan kuma kana son kwatanta tsohon jirgi da na yau, ka sani an sake sauya awo. Yarjejeniyar duniya ta 1969, wadda ta fara aiki a 1982 ta kuma hau kan dukkan jiragen da ta shafa a 1994, ta kawo GT. Wannan lamba ce kawai, ba a ma ce mata tan. Ana auna cikin jirgi da mita kubik, a ninka da wata 'yar lamba da ke ƙaruwa da girman jirgin: 0.24 ga mita kubik 100, 0.26 ga 1,000, 0.28 ga 10,000, 0.30 ga 100,000. Don komawa baya sai a yi gwaji. Jirgi mai GT 500 cikinsa yana tsakanin mita kubik 1,000 da 10,000, ya fi kusa da na farko. Ka raba 500 da 0.265, ka sami kusan mita kubik 1,890. Mai GT 260 kuwa mita kubik 1,000 ne daidai, ya fi mai G.R.T. 260 girma da fiye da kashi ɗaya cikin uku.

Yadda za ka rubuta amsar

Kada ka goge tsohuwar lambar. Ka rubuta ta yadda ka same ta, da irin tan ɗin, da shekarar takardar, sannan ka biyo da naka lissafin. Misali: Alburkah, 1832, tan 55 na awon maƙera, bisa tsawo da faɗi da zurfinsa, cikinsa kimanin mita kubik 100 zuwa 120. Kuma ka rage jelar lambobi. Mutumin da ya rubuta tan 260 tun asali cikawa ya yi, don haka “kimanin mita kubik 740” ya fi 736.24 gaskiya, duk da cewa na biyun ya fi kama da aikin ƙwararre a idon mai duba kundi.

Idan ka yi duk gwajin nan takardar ba ta ba ka tsawo ba, ba ta ba ka faɗi ba, ba ta kuma faɗi irin tan ɗin ba, to ka rubuta tan 260 kamar yadda mai takardar ya rubuta, ka ƙara da cewa bai bayyana irinsa ba, ka bar kalkuleta a aljihu.